Lissafin Bana: Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Ɗaura Burin da Jarinsa Zai Iya Ɗauka

Kafin ka rubuta ko da buri ɗaya na sabuwar shekara, ka ware yini guda ka rufe shago, in kuwa kana ganin rufewar asara ce ka bari sai bayan lisha, ka sauke kayan da ke kan kanta ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Galibin masu ƙananan shaguna a garuruwanmu sun san cinikin jiya, sun haddace sunan duk wanda ya ci musu bashi, amma da za ka tambayi mutum nawa ce uwar kuɗinsa a yau, sai ya ɗaga kai ya dubi silin ya ce, "To, alhamdu lillahi dai, ana juyawa." Daga irin wannan amsa ake tashi a ce bana sai fili, bana sai shago na biyu, bana sai Makka, wani ma ya haɗa da ƙarin aure. Kafin a sha ruwa goma na azumi an manta da zancen. Kuma ba ragwanci ne ya jawo ba, don ɗan kasuwarmu tun sassafe yake fita, sai bayan magariba yake ganin gida. An dai ɗora burin ne a kan adadin da ba wanda ya san shi.

Wannan jagora ta mai shagon tireda ce, da tela, da mai POS a bakin titi, da matar da ke soya awara ko haɗa turaren wuta a cikin gida. Mai kamfani yana da akantansa.

Ƙirgar farko

Ka nemi littafi mai ƙaƙƙarfan bango, ka bar rubutu a bayan rasit da kwalin sabulu. Yaron shago yana faɗa kana rubutawa: sukari buhu kaza, taliya katan kaza, man gyaɗa jarka kaza, har ƙullin gishiri da ashana. Kowane kaya ka sa masa farashin da za ka saro shi yau in ka shiga Singa ko Sabon Gari. Farashin da kake sayarwa yana ɗauke da ribar da ba ta shigo ba tukuna, farashin da ka saro wata uku da suka wuce kuwa ya riga ya zama labari.

Kwantai shafinsa daban. Duk kayan da ya yi wata shida ba wanda ya taya, madarar da wa'adinta ya kusa cika, atamfar da yayinta ya wuce, ka rubuta su a rabin kuɗi, wasu ma ka ja musu layi kawai. Ido yana son ya ga kanta cike, shi ya sa mai shago yake barin gwangwanayen da suka yi tsatsa a jere yana ganin dukiya ce.

Sai kuɗin hannu, da na akawun, da abin da ke cikin POS. Daga nan ka buɗe littafin bashi, inda mafi yawan ruɗin yake. Ka kasa masu bashin uku. Akwai waɗanda in ka aika yaro yau zai dawo da kuɗi. Akwai waɗanda sai an yi sintiri, an kai ƙara wajen yayansu, sannan su biya rabi. Akwai kuma bashin da kai ma ka san ya mutu: na ƙanin matarka, na abokin da ya koma Legas ya canza lamba, na dattijon unguwa da ba za ka iya buɗe baki ka tambaye shi ba. Kashin farko kaɗai zai shiga lissafi gaba ɗaya, na biyu ka ɗauki rabinsa, na uku ka bar wa Allah, in ya dawo ka ɗauka tsintuwa ce.

Yanzu ka cire abin da ake binka: kayan da ka karɓa a wajen maigidanka na kasuwa ba ka gama biya ba, kuɗin ajiyar mutane, kafin alƙalamin da aka ba ka na aikin da ba ka yi ba. Kada ka manta da adashen da ka riga ka ɗauka kana ci gaba da zubi. Mutane da yawa suna lissafa shi a cikin samunsu, alhali duk zubin da ya rage bashi ne a wuyansu. Abin da ya saura bayan wannan cirewa shi ne jarinka. Ka rubuta shi da manyan lambobi tare da kwanan wata.

Wannan ƙirgar ita ce kuma za ta yi maka aiki ranar fitar da zakka, in jarin ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo masa: ɗaya cikin arba'in, wato naira biyu da rabi a kowace ɗari. Da yake nisabin yana bin farashin zinare, ka tambayi malamin da ka amince da shi adadin bana.

Ka auna da kaya

Nan ne nake so mai karatu ya fi tsayawa, don a nan naira take yi wa mutane wayo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Mu ɗauka mai shago ya shiga 2024 da jarin naira miliyan biyu, ya fita da miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. A ransa ya ci ribar dubu ɗari huɗu, har yana shirin yanka wa kansa sabuwar shadda. Amma in kayan shagonsa sun tashi daidai da wancan adadin na hukuma, sai yana da miliyan biyu da kusan dubu ɗari bakwai sannan zai iya cika kantar da ya fara shekara da ita. Ke nan shagon ya rame da kusan dubu ɗari uku, mai shi yana ta murna. Da yawa sai da suka ga bango yana leƙowa ta bayan kaya suka gane.

Saboda haka da ka sami adadin jarinka, ka mayar da shi kaya. Ka zaɓi abu ɗaya da ya fi tafiya a wajenka, buhun sukari ko katan ɗin taliya, turmin atamfa, kwanon waken suya ga mai awara, ka raba jarin da farashinsa na yau. Ka rubuta: "Jarina ya kai buhun sukari kaza." Burin kasuwancinka na bana da wannan ma'aunin za ka ɗaura shi. Mutumin da ya ce yana so jarinsa ya tashi daga buhu 25 zuwa buhu 30 ya faɗi abin da za a iya dubawa, ko naira ta faɗi ko ta tashi. Ma'aunin yana kuma kwantar da hankali a shekarar da farashi ya sauko, don za ka iya ganin nairorinka sun ragu alhali buhunanka sun ƙaru.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke riƙe da sefa bai sha irin wannan ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Shi nasa ya zo ta rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya tsayar da harka a Jibiya da Illela da Ƙwanni na tsawon watanni. Duk wanda sana'arsa ta rataya a kan ƙetare iyaka, ya rubuta a littafinsa abin da zai juya da shi in an wayi gari hanya a toshe.

Shekarar kasuwa

Ka buɗe sabon shafi ka zana gida goma sha biyu, kowane wata da nasa. Ka cike su da abin da ka sani tabbas zai zo.

Fara da azumi. Shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka azumi kullum gaba yake matsowa: na 2024 an ɗauke shi a Nijeriya ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris, ya kuma ci gaba da gangarowa ta cikin Fabrairu. Ma'anar wannan ga mai sayar da yadi, da tela, da mai takalma, da mai sukari da gero da dabino, ita ce a 'yan shekarun nan Janairu watan sari ne. Wanda ya ce zai fara tara kuɗin fili daga ɗaya ga Janairu, ya zare kuɗi daga jari daidai lokacin da ya kamata ya cika shago, ya yi wa kansa mugunta. Bayan ƙaramar sallah da wata biyu da kwana goma sai layya. Ka sa kuɗin rago a gidansa tun yanzu, da kayan sallar yara, da zakkar fidda kai.

Sai kuɗin makaranta, zango uku: Satumba, Janairu, da wajen Afrilu. In akwai mai zana jarrabawar fita sakandare ko ta shiga jami'a a gidan, wannan ma da watansa. Sai ranar da hayar shago da ta gida za su cika. Sai bukukuwan da aka riga aka sa musu rana a dangi, don anko da gudummawa sun kashe jarin mata fiye da yadda ake zato, kuma ba sa zuwa a ɓoye, wata uku ana shela.

Daga nan ka yi wa watannin alama gwargwadon yadda ka san cinikinka. Makonnin bayan sallah aljihu a bushe yake. Tsakiyar damina, Yuli da Agusta, kuɗin manomi yana gona, rumbu ya yi ƙasa, kasuwannin ƙauye sun yi sanyi, ga ruwa yana hana fita. Da kaka kuɗi yake dawowa hannun mutane, a yi aure, a yi rufin kwano, a sayi babur. Mai kunun aya da zoɓo da ƙanƙara kasuwarta bazara ce, da sanyi ya shigo sai mai shayi da mai rigunan sanyi na gwanjo su karɓa. Da ka gama wannan zanen za ka ga watannin da za ka iya ajiya a cikinsu ba su kai sha biyu ba. Wani bakwai zai samu, wani biyar.

Tela ya fi kowa buƙatar wannan shafi. Kowa ya san yadda shagonsa yake a goman ƙarshe na azumi: yadudduka jibge har kan benci, janareto yana kuka, idon yara ya yi ja, ga uba tsaye da 'ya'yansa uku daren sallah ana ce masa saura maɓalli, alhali ko yanka ba a yi ba. Wani telan a ranar idi wayarsa a kashe take kwana. Burin da ya fi masa amfani bana shi ne ya san kaya nawa shagonsa yake iya fitarwa a yini in wuta ta yi halinta, ya ninka da kwanakin da suka rage, ya cire kwana uku na gyare-gyare, ya rubuta a ƙofa ranar da zai daina karɓar ɗinki. In shagon yana fitar da kaya huɗu a yini kuma saura kwana arba'in, abin da ya wuce ɗari da arba'in da takwas alkawarin ƙarya ne. Kuɗin da zai ƙi karɓa a wannan mako bai kai darajar gidajen da za su dawo masa da ɗinkin babbar sallah ba.

Zaɓen buri da gwada shi

Uku sun isa: ɗaya na kasuwa, ɗaya na gida, ɗaya na kanka. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma. Kowanne ya zama yana da adadi da rana, ya kuma zama abin da hannunka ne zai yi shi. "Bana ciniki zai ƙaru" ba a hannunka yake ba. "Zan riƙa buɗe shago ƙarfe bakwai don in sami masu sayen kayan shayi" a hannunka yake.

Sannan ka gwada kowanne da alƙalami. A ce hayar shago da ta gida naira 600,000 ce, kana so bana ka biya ba tare da ka taɓa jari ko ka ci bashi ba. In ka raba da kwana 365 za ka ga wajen naira 1,650 a yini, ka ce ai wannan mai sauƙi ne. Amma ba wanda yake buɗe shago kwana 365. Ka cire ranar hutunka ta mako, kwanakin sallah, jana'iza da ta'aziyya, zazzaɓin damina, tafiyar sari, ranakun da ruwa ya yini yana zuba. Ka ɗauka kwana 270 ne, sai adadin ya koma wajen 2,200.

Yanzu ka dubi abin da shagon yake bayarwa. Mu ce cinikinka na yini naira 100,000 ne, ribar kayan tireda kuma a ce goma cikin ɗari, 10,000 ke nan. Cefane da hidimar gida sun ɗauki 6,000. Abincin yaro da sallamarsa, kuɗin mota, wuta, masu karɓar haraji, sun ɗauki 2,000. Saura 2,000. Ko ka zuba shi duka a asusu ba zai kai ba, kuma ba ka mayar wa jari ko kwabo ba, ba a yi zancen fili ba, ba a yi zancen rago ba. Gara ka ga wannan a takarda a watan farko da ka gan shi ranar da mai gida ya turo yaronsa da takardar tashi. Mafita huɗu ce: ka rage burin, ka tsawaita lokacinsa, ka rage kashewa, ko ka ƙara wani kaya mai riba fiye da na yanzu. Ka zaɓi ɗaya ko biyu ka rubuta. Zaman jiran wata harka ta faɗo ba ya cikin lissafi.

Da irin wannan gwaji ake gane burin da ba na shekara ɗaya ba ne. Kujerar Makka ta haura naira miliyan takwas a 2025. Mai rarar 2,000 a yini sai ya yi fiye da shekara goma sha huɗu kafin ya tara wannan, in ma farashin ya tsaya. Ba cewa ake ya cire rai ba. Abin da zai rubuta bana shi ne ya buɗe asusu na musamman ya riƙa zuba kaza duk wata. Hukumar Alhazai ta Ƙasa tana da tsarin adashen gata na aikin hajji da ta ƙaddamar tare da bankin Jaiz a 2020, don irin wannan tarawa a hankali. Haka fili, haka lefe, haka kayan ɗakin 'ya: ka raba su shekara-shekara, ka ɗauki kason bana kawai.

Aljihu biyu

In za ka ɗauki abu ɗaya tak daga wannan jagora ka yi aiki da shi bana, to ka raba kuɗin shago da kuɗin gida. Ka yanka wa kanka albashi, na yini ko na mako, ka tsaya a kansa. Duk abin da aka ɗauka daga kanta aka kai gida, ko Maggi ne ko sabulu, a rubuta a cire daga albashin. Akawun ma ya zama biyu. Yanzu da OPay da Moniepoint da bankunan da ba sa harkar ruwa irin su Jaiz da TAJ suka wadata, buɗe na biyu ba wuya, kuma alat ɗin da ke shigowa ya zama littafin da ba ya ɓata. In kasuwar ta fara tsayawa da ƙafarta, yin rajistar sunanta a hukumar CAC buri ne mai kyau na shekara guda, don da shi ake buɗe akawun da sunan sana'a.

Ga uwargida mai sana'a a cikin gida abin ya fi wuya, don jarinta a gwangwanin da ke ƙarƙashin gado yake, kuma kowa ya san wurin. Maigida zai fita ya ce, "Ki ara min dubu biyu ki cika cefane, in na dawo zan ba ki." Yaro zai zo da kuɗin tara na makaranta. Maƙwabciya ta aiko a ba ta awarar ɗari biyar zuwa anjima. Ranar sarin wake sai ki ga kuɗin kwano uku ya koma na biyu. Ki fara cire kuɗin sari na gobe kafin ki taɓa komai, ki sa shi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Abin da maigida ya ara kuma ki rubuta a gabansa cikin raha. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, saboda haka ba wanda zai ce kin zo da baƙon abu.

Taimakon 'yan uwa shi ma ka ba shi kasonsa na wata. Ba za ka daina ba, bai ma kamata ka daina ba, amma in kason ya ƙare ka iya cewa, "Wallahi na wannan watan ya tafi, Allah ya kai mu mai kamawa." Bashin kanti kuwa ka sa masa iyaka: jimillar abin da ke waje kada ta wuce wani kaso na jari da ka yanke tun farko, kuma wanda bai biya na baya ba kada a ƙara masa.

Inda za a ajiye

Adashe yana aiki saboda kunya: mutum zai iya saɓa wa kansa, amma ba ya son uwar adashe ta aiko sau biyu. Sai dai ka shige shi da lissafi. Ka nemi ɗaukarka ta faɗo daidai da wata buƙata a shafin watanninka, kafin sarin azumi ko gab da cikar haya. Kuɗin adashen da ya zo ba a shirya masa ba, waya da biki ne suke cinye shi. A shekarar da kaya ke tashi, na ƙarshen ɗauka shi yake kwasar asara, don dubu ɗarinsa ba ta sayen abin da ta na farko ta saya, saboda haka gajeren adashe na wata huɗu ko biyar ya fi na shekara. Mai zagayen karɓar kuɗi kullum, wanda yake riƙe zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, yana da amfani ga wanda kuɗi ba ya kwana a hannunsa, matuƙar an san gidansa da asalinsa.

Ajiyar hatsi da kaka a sayar da damina tsohuwar dabara ce, Dawanau ma da ita ta cika. Amma ba kullum take ci ba. Waɗanda suka sayi masara da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara tashi, da yawansu sun ga farashi ya sauko a 2025, suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari. In za ka yi, ka yi da rarar da za ka iya jure rashinta, kada ka yi da jarin shago ko kuɗin marayu. Duk wanda kuma ya zo maka da harkar da kuɗi ke ninkuwa cikin wata guda ta waya, ka tuna MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a Afrilun 2025. Masu ilimi ma sun faɗa.

Ka ware wani abu na ko-ta-kwana, ko da cefanen wata ɗaya ne, a wajen shago. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta Agustan 2022 sun nuna abin da ke samun wanda dukiyarsa duka a ɗaki ɗaya take. Da hunturu, kashe soket kafin a rufe shago ma abin rubutawa ne a jikin ƙofa.

Na kanka

Wannan shi aka fi saurin yarwa, don ba mai binka bashinsa. Hanyar dai ɗaya ce: adadi kaɗan, kullum, a ɗaure da wani abu da ka riga ka saba yi. Mushafin da ya fi yawa a hannun mutane shafi 604 ne. Shafi biyu bayan asuba zai kai ka sauka cikin kwana 302, ka ga akwai rarar wata biyu na ranakun da aka makara. Wanda ya ce izu biyar zai riƙa yi kullum alhali bara ko ɗaya bai riƙe ba, mako biyu zai yi. In ka haura arba'in, ka sa awon hawan jini sau ɗaya a wata, ranar da kake duba littafi, kemis na unguwa ma yana yi. In rubutu da lissafi ne suke ba ka wuya har kake dogara da yaro ya karanta maka alat, to ajin yaƙi da jahilci na dare ya fi maka shago na biyu amfani bana. Mai 'ya'ya kuma yana iya ɗaura wa kansa zuwa makarantarsu sau ɗaya kowane zango ya ga malami ido da ido.

Ba sai ka yi shela ba. Mutanenmu ba sa son baza shirinsu a majalisa, kuma suna da hujja. Amma ka sami mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, maigidanka na kasuwa, ko yayanka, ko matarka, ka nuna masa shafin ka ce ya riƙa tambayarka.

Dubawa

Kullum kafin ka rufe, layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da aka ci. Minti biyar ne. Ƙarshen kowane wata ka haɗa jimilla ka kwatanta da abin da ka ɗaura. Cikakkiyar ƙirgar kaya irin ta farko kuma ka maimaita ta sau uku: mako biyu bayan ƙaramar sallah lokacin da ƙura ta lafa, tsakiyar damina, da bayan kaka. Kowane karo ka sake mayar da jarin zuwa buhu ko turmi ka ga inda ya dosa.

Za a yi watan da ba za ka cika ba, rashin lafiya ko rasuwa ko kasuwa ta ƙi. Wata ɗaya ba komai, ka ci gaba daga inda kake, kada ka ce sai ka rama duka a wata mai zuwa har ka taɓa jari. In ya zama wata biyu a jere ba tare da wani dalili na musamman ba, adadin ne ya yi yawa. Ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ka rubuta sabo a ƙarƙashinsa da kwanan wata, ka sake raba shi da kwanakin aikin da suka rage, ka sanar da wanda ka ba amanar tambayarka.